Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Mu 'yan aji shida, da yawa daga cikinmu in Allah ya yarda baɗi war haka muna jami'a. Tun yanzu ma an fara yi mana nasiha a gida da makaranta: a kama karatu, a guji abokan banza, a riƙe ibada, a yi tattalin ɗan abin da aka ba mu. Duk wannan daidai ne, Allah ya saka. Amma akwai wata rana guda wadda ba na jin ana shirya mu dominta, watau ranar da sakamakon jarrabawa zai fito, ɗalibi ya duba lambarsa ya ga makin da aka ba shi ya yi nisa da abin da ya san ya rubuta. Me zai yi a ranar?

In ka tambayi mutane za ka ji amsa iri biyu. Wasu su ce ka yi shiru, malamin jami'a ba a ja da shi, a bar kaza cikin gashinta. Wasu kuma su ce ka je ka durƙusa masa ka roƙe shi, in bai ji ba a nemo wanda yake jin nauyinsa. Ni dai a ganina duka biyun ba su dace ba. Ɗalibin da yake da hujja ya kamata ya je wurin malaminsa, ko da Farfesa ne mai furfura, ya nemi a sake duba takardarsa cikin ladabi. Wanda ba shi da hujja kuwa, ya zauna ya kama littafinsa. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi nake so mu duba, ni da 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu.

Da farko sai mu san abin da maki ɗaya yake iya yi, don wani zai ce ina abin tada jijiyar wuya a kan maki ɗaya ko biyu. A yawancin jami'o'in ƙasar nan, wanda ya sami 70 zuwa sama ya ci A, ƙimarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, ƙimarta 4. Daga 50 zuwa 59 C, ƙimarta 3, haka har ƙasa. A jami'o'i da yawa abin da ya gaza 40 faɗuwa ce, sai an maimaita kwas ɗin wata shekara, abin da yayyenmu ke kira kari-oba. Sa'an nan kowane kwas da nauyinsa, wani 2, wani 3, wani ma fiye. Ana ninka ƙimar da nauyin, a tara na dukan shekarun karatu, a raba da jimlar nauyin, abin da ya fito shi ne CGPA, kuma da shi ake yanke darajar digiri. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ke nan. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu. Daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu.

To, mu ɗauki misali da alƙalami. A ce ɗalibi ya gama karatu da jimlar nauyi 120, abin da ya tara kuma 418. In ka raba za ka sami 3.48, ya faɗa ƙaramar daraja ta biyu. A ce kuma a wani kwas mai nauyi 3 an rubuta masa 59, alhali in an tara makinsa daidai 60 ne. Wannan maki ɗayan zai ɗaga shi daga C zuwa B, ya ƙara masa 3, jimla ta koma 421. Raba ka gani: ya haye 3.50, ya shiga babbar daraja ta biyu. Kowa ya taɓa karanta tallan neman ma'aikata na bankuna da manyan kamfanoni ya san sau da yawa a nan suke ja layi, wanda yake ƙasa ko takardarsa ba za a karɓa ba. Shekara huɗu na kuɗin makaranta da na mota da na abinci, wataƙila har an sayar da ɗan maraƙi ko an jinginar da gona, duk ga su rataye a kan maki ɗaya. Wanda ya ce a yi shiru a kan wannan, bai yi lissafin ba.

Wani zai ce, yo Farfesa guda zai yi kuskuren tara lamba? Zai yi mana, ai ɗan Adam ne. Akwai kwasa-kwasan da ɗalibai ɗaruruwa ke ɗauka a lokaci guda, malami ɗaya ko biyu ke duba takardun, ga wa'adi an ba su, ga wuta tana ɗaukewa. Shafi biyu kan manne, a tsallake amsa guda sukutum. Makin gwaji da na aikin gida, wanda yakan kai 30 ko 40 cikin 100, yana wata takarda daban, wajen haɗa shi da na babbar jarrabawa ido kan zame daga layin wani zuwa na wani. Ɗalibi da kansa yakan rubuta lambarsa yadda 1 ta yi kama da 7. Mai shigar da maki cikin kwamfuta yakan buga 36 a maimakon 63. Ba mugunta a cikin ko ɗaya daga waɗannan, gajiya ce da yawan aiki.

Kuma mu da muke shirin zana manyan jarrabawa ba ma bukatar a ba mu labari daga nesa. A watan Mayu na 2025, bayan koke-koke sun yi yawa a kan sakamakon jarrabawar shiga jami'a, hukumar JAMB ta sake bincike, magatakardanta na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya ce an sami tangarɗa a na'urorinsu. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas aka ce su sake zanawa. A watan Agusta na wannan shekarar kuma, WAEC ta fitar da sakamako wanda ya nuna kashi 38 cikin 100 ne kawai suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta janye, ta ce an yi kuskure wajen duba wata takardar Turanci, da aka gyara sai adadin ya tashi zuwa kusan kashi 63. Ku dubi tazarar! Da kowa ya haɗiye ya ce haka Allah ya ƙaddara, da yara dubbai sun zauna a gida ana kiransu daƙiƙai. In manyan hukumomi masu na'urori da ma'aikata suna yin kuskure, ina ga mutum guda da jan biro da tsakar dare?

Na san inda gizo ke saƙa. Mu an tashe mu a kan girmama malami, kuma tarbiyya ce mai kyau wadda ba na fatan mu rabu da ita. A makarantar allo da ta zaure, almajiri ba ya ɗaga ido ya dubi malaminsa, balle ya ce masa ka yi kuskure, domin albarkar karatu ake nema. Saboda haka yaro ya isa jami'a da wannan kunyar, yana ganin tambayar maki kamar tsaurin ido ne. Amma mu tuna da abin da muke gani kullum a masallaci. Liman shi ne babba, shi ke gaba, kowa na bin sa. In ya yi mantuwa ya tashi inda ya kamata ya zauna, mamu sukan ce Subhanallahi. In aya ta kuɓuce masa a tarawihi, mahaddacin da ke bayansa yakan tuna masa, ko da ɗan cikinsa ne a shekaru. Ba wanda ya taɓa cewa wannan raini ne, kuma limamin kirki murna yake yi. Abin da aka hana shi ne hayaniya da neman kunyata shi. Ashe ke nan al'adarmu da addininmu sun riga sun koya mana yadda ƙarami ke tunatar da babba. Hausawa ma sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai fa wannan karin maganar kaifi biyu gare ta, domin da yawa daga masu zuwa ofishin malami sauke mu raba suke zuwa yi. Za ka ji ɗalibi yana cewa, “Malam, a taimaka mini, maki biyu kawai nake nema.” Ko ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ko ya ce shi ne babba a gidansu, ko ya ce in ya faɗi za a kore shi. Wataƙila duk gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Amma maki ba sadaka ba ce da malami zai ciro daga aljihu. Awo ne, kamar mudu a kasuwa. In mai awo ya ƙara wa wani don ya yi masa kuka, ya zalunci wanda ya karɓi nasa ya tafi bai ce komai ba. Ɗalibar da ta sami 59 ta haƙura, da wanda ya sami 57 ya yi magiya aka mai da shi 60, wa aka cuta? Kuma irin waɗannan masu magiya su suka ɓata hanya. Su suka sa malami da ya hango ɗalibi a bakin ƙofa bayan fitowar sakamako sai ya ɗaure fuska, mai gaskiya ya zo ya tarar an riga an rufe masa kunne.

Don haka kafin ƙafa ta taka ofis, sai ɗalibi ya fara yi wa kansa hisabi. Ya kwana biyu tukuna, zuciya ta huce, don maganar da aka yi cikin fushi ba ta cika yin kyau ba. Ya ɗauko takardar tambayoyin da littafinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. An ce a amsa tambaya huɗu, huɗun ya amsa? An ce a kwatanta, shi kuwa ya zuba duk abin da ya haddace? Cika shafi takwas daban, amsa abin da aka tambaya daban, kuma a nan ne yawancinmu muke ruɗin kanmu tun daga sakandare. Ya halarci lacca yadda doka ta ce? Jami'o'i da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin 100. In bayan wannan ya ga lallai akwai abin da bai haɗu ba, misali ya san ya ci 24 a gwaji, ga takardar a hannunsa, amma jimlar da aka ba shi duka 30 ce, to yana da magana.

Yadda zai yi maganar kuwa shi ne rabin nasara. Ya je ofis da rana, a lokacin da malamin ya keɓe don ganin ɗalibai. Kada ya tare shi a hanya ko a bakin masallaci, kada ya bi shi gida, kada ya buga masa waya da dare. Ya yi sallama, ya gaisa, ya faɗi sunansa da lambarsa da kwas ɗin, don malamin da ke koyar da ɗaruruwa ba lalle ne ya san fuskarsa ba. Sa'an nan ya ce wani abu kamar haka: “Allah ya gafarta Malam, na ga sakamakona, na sami kaza. Ga takardar gwajina da aka ba ni kaza. Ina roƙon in Malam ya sami sarari a duba mini ko makin gwajin ya shiga. In kuma a amsoshina ne na gaza, ina so a nuna mini inda na kauce don in gyara gaba.” Shi ke nan. Bai ce an zalunce shi ba, bai ce wane da bai kai shi ƙoƙari ba ya fi shi maki, bai nemi kyauta ba. Ya bar wa malamin ƙofar da zai gyara ba tare da jin kunya ba. Kuma ko ba a ƙara masa komai ba, zai fito da sanin inda ya yi rauni, wanda ɗalibin da ya zauna ɗaki yana zagi ba zai samu ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da iyakar ikon malamin. Sakamako a jami'a ba ya tsayawa a teburin wanda ya duba takarda. Yakan bi ta taron malaman sashe, ya je na tsangaya, sa'an nan Majalisar Jami'a ta amince da shi. Da zarar ya wuce can, Farfesa shi kaɗai ba ya iya ɗaukar biro ya sauya, sai an bi ta takarda an faɗi dalili. Saboda haka jinkiri ba shi da amfani, wanda ya bari sai shekara ta zagayo ya yi fargar jaji. In malamin ya ƙi saurara, ko ɗalibi bai gamsu ba, akwai malamin da ke kula da ajinsu, akwai jami'in jarrabawa na sashe, akwai shugaban sashe. Bayan su akwai hanyar neman a sake duba takarda a hukumance: a rubuta takardar koke, a biya kuɗin da aka yanka, a ba wani malami daban ya duba, wani lokaci ma daga wata jami'a. Ƙa'idar kowace jami'a tana cikin littafin dokokin da ake raba wa sababbin ɗalibai, wanda akasari ake jefawa ƙarƙashin katifa ba a buɗe ba. A karanta shi tun makon farko. Kuma a sani, mai sake dubawa ba a ce lalle ƙari zai yi ba, abin da ya gani shi zai rubuta.

'Yan'uwana mata, a nan sai an ƙara taka-tsantsan. Mafi yawan malamai iyaye ne masu mutunci, amma ba a rasa ɓata-gari. A watan Disamba na 2018 wata babbar kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure wani Farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Richard Akindele, shekara biyu, saboda ya nemi ɗalibarsa da lalata don ya ƙara mata maki. A 2019 kuma BBC ta fitar da wani bincike da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana a kan irin wannan ta'asa. Mai roƙo ita ce ke shiga hannun irin waɗannan, domin ta nuna tana neman abin da ba hakkinta ba, shi kuwa sai ya sa farashi. Mai neman a duba takarda da hujja a hannu ba ta da abin saye. Duk da haka ki tafi da ƙawarki, ki je da rana, in an ce ki dawo da yamma ko a haɗu a wani wuri, kada ki je, ki sanar da iyayenki da shugaban sashe.

Iyayenmu kuma, Allah ya ƙara girma, ina roƙon a yi mini haƙuri in faɗi wata magana. Idan yaro ya kawo kukan maki, wasu iyaye nan take sai faɗa: ai da ma ba ka karatu, yawo ka je yi. Daga ranar yaron ba zai sake faɗa musu komai ba. Wasu kuma sai su sa babbar riga, su nemo wani mai faɗa a ji ya rubuta 'yar takarda, ko a aika da rago ko buhun shinkafa gidan malamin a ce goro ne. Sunan wannan cin hanci, ko da an naɗe shi da gaisuwa. Yana iya jawo wa yaron kora, ya jawo wa malamin rasa aikinsa, in kuma ya yi aiki, to an koya wa yaron cewa haka ake samun abu a duniya. Gobe shi ne likitan da zai duba ku, ko injiniyan da zai gina gadar da za ku bi. Abin da muke bukata gare ku kaɗan ne: ku zaunar da mu ku tambaye mu hujja, in babu ku ce mu koma mu yi karatu, in akwai ku ƙarfafa mana guiwa mu je da ƙafarmu, in ta kai ga biyan kuɗin sake dubawa ku taimaka.

Saura magana guda wadda ba zan ɓoye ba, ita ce tsoron ramuwa. Ɗalibai na cewa in ka kai ƙarar malami, zai haɗu da kai a wani kwas, ko abokansa su riƙe ka a zuci. Ba zan ce wannan tsoro na banza ne ba, ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa na ce a fara da malamin kansa cikin sirri da ladabi, kada a fara da takardar koke, kada kuma a kai maganar Facebook. Shi ya sa kuma ba kowane maki ne ya cancanci a bi ba. In B ka samu kana ganin A ta dace da kai, a kwas mai nauyi 1, kuma ba ka da wata hujja sai jin jikinka, bar shi. In kuwa faɗuwa aka rubuta maka a jarrabawar da ka tabbata ka ci, ko aka ce ba ka zauna ba alhali ka sa hannu a takardar halarta, to shirun ya fi maganar tsada, domin shekara guda ce ta rayuwarka.

Da jami'o'i za su riƙa barin ɗalibi ya ga takardarsa bayan an duba, ko da a gaban jami'in jarrabawa ne na minti goma, da rabin wannan zargi ya mutu, malamai ma sun huta. Kafin a kai can, mu a nan makarantar muna da damar da yayyenmu na jami'a ba su da ita, domin malamanmu suna mayar mana da takardun gwaji. Mu daina duba jan lambar da ke sama kawai mu cusa takardar a jaka, ko mu ba mai ƙosai. Mu tara makin da kanmu, mu karanta abin da malam ya rubuta a gefe, in mun ga wani abu mu je ɗakin malamai mu tambaya. Ina kuma roƙon hukumar makaranta ta sa a riƙa mayar mana da takardun jarrabawar ƙarshen zango su ma, a makon farko na dawowa hutu, kafin a ɗaure su a kai sito.